Tagwayen Shagon Yaya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu, babba da yaro. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran rediyo a kan hanyar kasuwar Funtua, ya riga mu tafiya a ƙarshen damina, dawa ta fara fitar da kai. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Ni na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, kuma na lura masu zuwa kashi uku ne. Akwai manoma daga Tsiga da Mahuta, har da na Musawa, waɗanda ya shekara talatin yana ta da musu rediyo. Su suka yi addu'a mai tsawo, wasu har da hawaye. Akwai 'yan kasuwa, namu da mutanen Kudu. Sai kuma maƙwabta. Maƙwabta sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba, amma babu wanda ya yarda ya jingina da bangon gabas, wanda ya haɗa zaure da shagon Yaya. Tabarmar wajen ta wuni babu kowa a kanta, mutane kuwa suna tsugune a rana.

Tela, wanda shagonsa yake manne da na Yaya, ya matso kusa da ni bayan an shafa fatiha. Ya rage murya.

"Malam, Allah Ya ba da haƙuri. To su tagwayen fa? Wa zai ci gaba da kula da su?"

Na ce masa Yaya bai haifi tagwaye ba. Ya ce, "Ai ka gane."

Ranar sadakar uku abin ya ƙaru. Matar Yaya ta shiga shagon ta ƙofar cikin gida da rana tsaka don ta share. Ta ɗaga ƙyallen da ya rufe gilashin kwamfutar da Yaya ya haɗa da hannunsa, ta fito babu tsintsiya. Ta ce akwai rubutu a cikin gilashin. Wuta kuwa babu ita a unguwarmu tun kafin Yaya ya kwanta. Ta ƙara da cewa kafin ta shiga ta ji fankar na'urar tana juyawa. Abin da ta faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Ni ma na shiga na duba a duhun shagon, ban ga komai ba sai fuskata.

Kafin magariba labari ya kai tasha. A daren ne ɗan farin Yaya, wanda yake malamin gona a Malumfashi, ya tsaya a gabana ya ce, "Baffa, ana yin sadakar bakwai zan fito da ita in farfasa, in zuba a tsohuwar rijiya. Ba zan bari a riƙa kiran ubana mai iskoki yana cikin kabari ba."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Karatuna bai wuce firamare ba, aikina awon auduga ne a sikeli, amma na san abu yana da farko yana da ƙarshe. Zan bi shi daki-daki.

Na farko dai, Yaya mutum ne mai riƙon suna. Kalmar "abin nan" ba ta shiga shagonsa. In yaro ya zo ya ce abin nan ne ya lalace, sai ya ce, "Koma ka tambayo sunansa. Abin nan ya mutu tun zamanin Turawa." Kowane ɗan ƙarfe na cikin rediyo yana da lamba a jikinsa, shi kuwa ya haddace su kamar yadda maroƙi yake haddace zuriyar gida. Yakan ce, "Wanda bai san sunan abu ba, baƙo ne a wurinsa, ko da shi ya saya."

Suna ɗaya ne kawai ban taɓa ji a bakinsa ba, na ɗan farinsa. Kowa ya san alkunyar ɗan fari, ba Yaya ya fara ba. Amma nasa ya wuce na mutane. In wani mai irin sunan ya kawo gyara, sai ya kira shi "mai rediyo" har ya tafi. Ranar da za a sa yaron a makaranta, tare muka je. Malamin ya buɗe rajista ya ce, "Sunan yaro?" Yaya ya dubi rufin ajin kamar yana neman inda yake yoyo. Malamin ya sake tambaya. Sai Yaya ya taɓa ni da gwiwar hannu, ni na faɗa. Muna fitowa ya ce mini, "Ka iya magana a gaban hukuma," shi ke nan. Yaron ya girma yana amsa "kai". Uwarsa ma, har ya yi gemu, "yaron nan" take cewa.

Kada a ɗauka mutum ne mai sanyin zuciya. Wani tsoho makaho daga Tsiga yakan zo duk ranar kasuwa yana kukan jikokinsa sun juya masa rediyo ya rasa tashar labarai. Yaya ya ɗauki zarto ya yi wa maɓallin tsaga uku, ya kama yatsan tsohon ya bi da shi kansu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa masa sunan kowace tasha. Tsohon ya zo gaisuwa, jikansa yana ja masa sanda. Shi kaɗai ne ya zauna a tabarmar gabas, don ba a gaya masa ba.

Na biyu, zuwan na'urar. A shekarar da aka raba mu da Kaduna aka ba mu jiharmu, wani ofishin aikin gona ya fitar da tarkacen da Turawansa suka bari. Aminin Yaya ne ya kwaso. Bayarabe ne, Kirista, mai sayar da batir da waya, haifaffen Funtua. Bai taɓa ganin teku ba, amma Yaya ba ya kiransa sai Ɗan Ikko, wato mutumin bakin teku. Ya kawo kwamfuta biyu matattu da gilashi biyu masu koren haske, a bayan akori-kura, ya ce ko za a sami abin cirewa. Yaya ya zagaya su ya ce, "An ce tana tunani. Ina so in ga inda tunanin yake zaune." Ya ƙudura zai haɗa mai rai ɗaya daga gawa biyu.

Inda tunanin yake zaune wata baƙar aba ce, tsawon ɗan yatsa, da ƙafafu jere hagu da dama kamar shanshani. Ita ake kira ƙwaƙwalwa. Kowace gawa ta ba da ɗaya. A bayan ta farko an rubuta 8086, a bayan ta biyu 8088. Yaya ya ajiye su a kan tebur ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Tagwaye ne."

Ya karantar da ni yadda ake karanta su, ko da yake ban roƙa ba. Tamanin ɗin farko sunan gida ne. Abin da ya biyo baya shi ne sunan yanka. In an ja ɗan layi an ƙara wata lamba, wannan alamar saurin gudu ce, ba ta girma ba. Akwai 8087, wanda lambarsa ta faɗa tsakaninsu, amma ba ya cikin haihuwar. Bara ne mai taya lissafi, shi kaɗai ba ya ta da na'ura. Akwai kuma 80286, wanda Yaya bai taɓa riƙewa ba sai a hoton mujalla. Shi yake kira Gambo, mabiyin tagwaye, ya fi su ƙarfi su duka, kuma ba ya kwana a shimfiɗar yayyensa.

Babban faifan da ake dasa ƙwaƙwalwa a kai, wanda Yaya yake kira uwa, guda ɗaya ne ya rage mai lafiya. Sai an zaɓi ɗaya cikin tagwayen. A nan aka yi rigimar da ta fi kowace tsawo tsakaninsa da Ɗan Ikko, ina zaune.

"Sa mai takwas, Baba," in ji Ɗan Ikko. "Takwas ta fi shida ko a kasuwar hatsi."

"Mai takwas zan sa. Amma ba don ya fi ba."

"To don me?"

"Don wannan uwar shi ta haifa. Lamba ba shekara ba ce. Mai shida ne ya fara zuwa duniya, shi ne Hassan, ƙofarsa kaya goma sha shida suke wucewa a jere. Mai takwas ya biyo baya, Husaini ke nan, ƙofarsa rabin ta ɗan'uwansa."

Ɗan Ikko ya tafa hannu. "Ka kama kanka! A wurinmu wanda ya fito daga baya shi ne babba. Shi ya aiki na farkon ya leƙo masa duniya."

"Shi ya sa kuke sayar da mataccen batir kuna cewa hutawa yake yi."

"Baba, ka zagi batir ɗina?"

"Na kira shi da sunansa."

A lura da kyau, su biyun Husaini suke so a sa. Dalili ne kawai ya raba su, kuma a kan dalilin suka daina gaisawa har aka yi girbin gero. Ni na kai saƙo tsakaninsu, ba da son raina ba.

Aka dasa Husaini. Hassan kuwa Yaya ya naɗe shi a farar takardar ƙarfe ta cikin kwalin taba, ya sa a gwangwani, ya ajiye a gefen na'urar. Na ce ya jefar mana. Ya ce, "Ba a raba tagwaye. In ka ba ɗaya ka hana ɗaya, ka kwana da kunama." Da dariya ya faɗa. Kuma duk lokacin da zai taɓa su, sai ya cire takalmi ya dafa bututun ƙarfen famfo tukuna. Ya ce akwai wata 'yar wuta a jikin mutum, wadda take ƙara in an cire rigar leda, ita kaɗai ta isa ta kashe ƙwaƙwalwa, sai an sauke ta a ƙasa.

Yanzu a tsaya a bayan bango, inda tela yake, a ji abin da ya ji. Dattijo shi kaɗai a ɗaki da rana tsaka, lokacin da ake hana yara yawo, yana cewa, "Husaini, tashi mana. Hassan yana nan kusa da kai, ban raba ku ba." A leƙa ta taga a ga ya cire takalmi, ya dafa ƙarfe, ya buɗe gwangwani, ya warware wani abu mai ƙafafu da lambobi a bayansa kamar hatimi. Tela ya yi ƙorafi cewa ƙarar fanka tana hana shi ƙailula. A makon nan kunama ta harbe shi a cikin takalminsa. Damina ce, kunama tana ko'ina. Amma je ka gaya masa.

Na uku, katin hoto. Ƙwaƙwalwa tana tunani, amma ba ta iya nuna abin da ta tuna sai ta hannun wani faifai da ake cusawa a jikin uwa, shi yake magana da gilashi. Su ma sunansu haruffa ne, kuma Yaya ya ce harafin farko ake dubawa. MDA, mai farawa da M, launi ɗaya yake bayarwa, rubutu zalla. CGA, mai C, yana ba da launuka amma rubutunsa kamar an yi da gawayi. EGA, mai E, gyararren C ne. Kowanne da irin gilashinsa. Abin da yake ruɗin mutane, ramin da ake cusa wayar gilashi iri ɗaya ne. "Baki ɗaya, harshe daban," in ji Yaya.

Da suka shirya, Ɗan Ikko ya samo mai C daga Kano ya kawo kyauta, don a wanke zuciya. Yaya ya yi godiya ya ajiye a gefe.

"Ba za ka sa ba? Launi fa, Baba. Ja, shuɗi, kamar silima."

"Gilashina kore ne, M yake ji. Kuma ni ba hoto nake nema ba. Rubutu nake so ya fito sarai."

Ranar wata Juma'a muka tafi masallaci, aka bar Ɗan Ikko yana jiran shago. Gari ya yi tsit, ko akuya ba ta kuka. Ya ga rami ɗaya ne, ya ce bari ya ba Baba mamaki, ya cusa mai C ya kunna. Matar Yaya tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce sai ta ji wani siririn kuka daga shagon, kamar na jaririn da aka haifa bai kai ba, yana hawa yana hawa har haƙoranta suka amsa. Matan maƙwabta duk sun ji. Da muka dawo, hayaƙi mai ɗaci yana fita ta taga, Ɗan Ikko yana tsaye a titi riƙe da hularsa, gilashi ɗaya ya mutu. Yaya ya shaƙi hayaƙin ya ce, "Ka yi masa Yarabanci." Ya zare mai C. Ya mayar da mai M, ya jona gilashin da ya rage.

Mu mun san abin da ya yi kuka. Unguwa kuwa ta riga ta yanke cewa an yi wa tagwaye laifi ranar Juma'a.

Maganar ta bi motocin auduga har Malumfashi. Ɗan farin ya hau babur ya zo, ya durƙusa a ƙofar shago ya gaishe da ubansa yadda ya kamata, sa'an nan ya ce ana nuna shi da baki a kasuwa, manoma sun fara ƙin karɓar iri daga hannunsa. Ya roƙi a fitar da na'urar daga gidan.

Yaya ya ce, "Kai, shigo in nuna maka. Wannan sunansa..."

"Na sani, Baba. Kowane ƙarfe a ɗakin nan yana da suna."

Ya tashi ya buga babur. Yaya ya bi ƙurar da ido, bakinsa a ɗan buɗe. Na ɗauka zai kira shi. Bai kira ba. Daga ranar yaron yakan aiko da hatsi da gaisuwa, amma ƙafarsa ba ta sake taka shagon ba.

Daga ranar kuma zaman Yaya ya canja. Duk sa'ad da aka kawo wuta, sai ya ajiye gyaran mutane ya zauna gaban gilashin, ƙofa a saye. Ba a jin ƙarar maɓallai. Ba ya kiran Hassan, ba ya kiran Husaini. Fanka kawai, da koren haske a gemunsa. In na shiga, sai ya murɗa maɓallin haske har gilashin ya yi duhu, sa'an nan ya amsa sallama. Matarsa ta ce mini, "Ƙanen miji, kai da kake auna komai, auna mini abin da yayanka yake kallo." Na ce mata sikelina na auduga ne. Haka aka ci rani, aka shiga damina, aka ɗauke wuta, zazzaɓi ya kwantar da shi. Yaron ya iso ana yi wa gawar wanka.

Na ƙarshe, ranar bakwai. Bayan la'asar, an raba waina an watse, saura liman da tela da Ɗan Ikko da ni. Ɗan farin ya shiga shagon, karo na farko tun ranar babur, ya rungumo gilashin da ƙyallensa ya dire a ƙofar gida. Ya karɓi guduma a hannun maƙerin unguwa da ya sa aka kira. Tela ya ja da baya har bakin kwata yana karanta abin da ya sawwaƙa. Ɗan Ikko ya ce, "Ɗana, aikin hannun ubanka ne." Yaron bai dube shi ba. Ya fizge ƙyallen, ya ɗaga gudumar.

Rana ta yi ƙasa, haskenta ya bugi gilashin ta gefe. Babu waya a jikinsa, wayar tana hannuna. A can sama ta hagu, a cikin gilashin ba a kansa ba, akwai rubutu. Ba haske ba ne, inuwa ce, kamar tabon sallah a goshin tsoho. Kalma ɗaya, haruffa a tsaye sarai, ko ɗan aji biyu zai karanta. A gabanta wani ɗan guntun layi, inda na'ura take tsayawa tana jiran a yi mata magana.

Gudumar tana sama. Ta daɗe a can.

Ɗan Ikko ya tsuguna ya duba, ya yi magana a hankali, ba da muryar kasuwa ba. Ya ce koren gilashi haka yake, abin da ya daɗe a wuri ɗaya yana ƙone shi, ya bar tabo ko an kashe wuta. Ya ce na'urar tana yarda mai ita ya zaɓi kalmar da za ta riƙa tarbarsa da ita duk lokacin da aka kunna. Ya ce, "Shi ya sa ya ƙi launi."

Matar Yaya tana takaba, ba ta fita. Daga bayan ƙofar zaure muryarta ta zo.

"Ƙanen miji, kai mai boko. Me aka rubuta?"

Na dubi yaron. Ba zai iya ba. Na dubi liman, ya sunkuyar da kai. Sai na ji kamar an taɓa ni da gwiwar hannu, a daidai wurin da aka taɓa ni a ajin nan. Wataƙila tunani ne. Na faɗi sunan, da ƙarfi, yadda na faɗa wa malamin rajista.

Bayan ƙofa sai motsin mayafi, ta ja shi ta rufe fuska. Yaron kuwa ya amsa. Ban san ko ya san ya amsa ba. Ya ce, "Na'am," ba ni yake kallo ba.

Ya miƙa wa maƙeri gudumarsa. Ya ɗauki ƙyallen ya kakkaɓe, ya rungumi gilashin. A bakin ƙofar shago ya tsaya ya ce, "Baffa, gwangwanin nan yana ina?" Na ce yana kan tebur inda ubansa ya bar shi. Ya ce, "A bar shi nan. Ba a raba su."

Wannan shi ne abin da yake cikin shagon Yaya, ga duk mai son ya sani: ƙwaƙwalwa biyu 'yan gida ɗaya, kati mai harafin M, da gilashi mai tabo. Tela har yau ba ya jingina da bangon, ban kuma tilasta masa ba. Daga baya Ɗan Ikko ya ce mini kafin gilashi ya ƙone haka sai ya daɗe ƙwarai a kunne. Na zauna na kwatanta da irin wutar da ake ba mu a unguwar nan, awon bai cika mini ba. Na bar wa Allah sauran.

Sunan ban rubuta shi a nan ba. Mai shi ya riga ya amsa.

Allah Ka yafe wa Yaya, Ka haskaka makwancinsa, Ka kira shi da mafi kyawun sunayensa ranar da za a kira kowa. Mu da muka rage, Ka sa mu amsa da imani in namu kiran ya zo.